Sunan da Na Baro a Jos

Tun da na dawo daga Jos ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a gindin dalbejiyar da muke zama bayan la'asar a tambaye ni. A ajinmu na yaƙi da jahilci ma, kafin Malam Hadi ya ɗauki alli sai wani ya ce, "Ado, wai da gaske ne ruwan can ba ya taɓuwa da asuba?" Nakan ce da gaske ne. Da Malam Hadi ya ga amsata ba ta wuce haka, sai ya ce tunda bakina ya yi nauyi in rubuta, shi ne aikin gidana na wannan wata, shi kuma zai gyara mini inda na ɓata. To ga shi. Abu ɗaya nake roƙon 'yan aji: abin da kuka karanta a nan ya tsaya a nan, kada ya bi matanku ya shiga gidanmu. In kun kai ƙarshe za ku ga dalili.

Kun san 'yata Uwani. Shekara shida ke nan tana makarantar kwana ta 'yan mata a wani gari gaba da Jos, cikin yaran da gwamnati take musaya tsakanin jihohi. Bana take ajin ƙarshe. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa zuwa ba, motar gwamnati ke kwashe su daga Kano, ita ke dawo da su hutu.

Muna cikin ɗaurin dawa saƙo ya shigo wayata da Turanci. Hausa nake iya haɗawa, ita ma a hankali, don haka na kai wa Malam Hadi. Ya karanta sau biyu, sannan ya ce, "Sun ce sunan da ke rajistar makaranta daban, wanda ke katinta na ɗan ƙasa daban. In ba a daidaita ba, ba za a yi mata rajistar jarrabawar fita ba. Sun ce uba ya zo da kansa da duk takardunta. Saura kwana ashirin da biyar a rufe."

Ban tambaye shi yadda aka yi ba, don na sani. Ranar sunan yarinyar nan, sunan mahaifiyata aka raɗa mata. Tun daga ranar ba wanda ya kira ta da shi a gidanmu sai ita Inna, ita ma "takwara" take cewa. Mu kuwa Uwani muke cewa, kamar yadda kowa yake yi. Da ta isa shiga firamare na kama hannunta na kai ta. Hedimasta yana zaune a inuwa da babban littafi, iyaye sun kewaye shi, ya ɗago ya ce, "Sunanta?" A gaban mutane zan buɗe baki in ambaci sunan uwata? Na ce, "Uwani." Ya rubuta. Daga wannan littafi sunan ya bi ta zuwa takardar gama firamare, da takardar ƙaramar hukuma, har sakandare. Katin ɗan ƙasa kuwa, lokacin da masu yi suka zo garinmu da na'urarsu ina gona, yarinyar tana hutu. Inna ce ta ja ta suka tafi. Da aka tambayi suna, Inna ta faɗi na yanka da bakinta, ta ce, "Nawa ne, ku rubuta shi da kyau." Ta yi mako tana ba wa mata labarin sunanta ya shiga kwamfuta.

Ban faɗa wa Inna dukan maganar ba. Na ce mata takardun makaranta za a gyara. Ranar tafiya ta sa aka kira ni ɗakinta. Idonta ya yi rauni, da hannu ta lalubo wata robar manshanu da ta ɗaure bakinta da leda ta miƙo mini.

"Ka kai wa takwarata. An ce abincin can ba maiƙo."

"Wa ya ce miki, Inna?"

"Ba ka ganin wuyanta in ta zo hutu?"

Na sa robar a jaka tare da ƙuli-ƙuli da yajin da uwar Uwani ta daka, na ɗora ambulan ɗin takardu a sama. Wannan shi ne kuskurena na farko a tafiyar.

Babur ya kai ni Ɗambatta, bas ta kai ni Kano. Na kwana a Bacirawa gidan ƙanwata, mijinta ya ba ni lambar wani abokinsa mai shayi a Jos, Isuhu, mutumin Gezawa. Da sassafe na isa tasha. Motar ƙarama ce, mutum huɗu a baya, ba mu tashi ba sai da hantsi ya ɗaga. Aka cusa ni tsakanin ƙofa da wata mata mai jiki, 'yar can, ta zo sarin albasa. Ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da matar da ba tawa ba. Na yi ta matsawa jikin ƙofa har ƙarfen ya shiga haƙarƙarina. Ta lura, ta ce, "Baba, in ka ƙara matsawa za ka fita waje. Zauna, ba na cizo." Duk motar aka yi dariya. Sunanta Ladi, na ji direba yana kiranta Mama Ladi.

Har Kwanar Dangora ƙasar irin tamu ce, gona na bin gona, gari na bin gari, ba inda za ka duba ba ka ga mutum ba. Bayan Tudun Wada muka shiga dajin Falgore. Mu da muka saba ko akuya ta ɓata a gonar wani za a same ta, ban san akwai ƙasar da za a yi tafiya mai nisa haka ba rumbu ba hayaƙi ba. Hira ta mutu a motar. Direba ya kashe rediyo ya taka mota. Na ji Mama Ladi tana addu'arta ƙasa-ƙasa, ni ma ina tawa.

Mun fita daga dajin ke nan ta taɓa gwiwata ta ce, "Baba, jakan ka yana kuka." Na duba. Jakar tana kan ƙafata, zafin ƙasan mota ya narkar da manshanun Inna, ya ɓullo ta ledar, ya jiƙa gefen ambulan. Na zaro takardun da sauri. Takardar gama firamare ta sha mai a kusurwa, har ana ganin yatsana ta bayanta, amma bai kai ga rubutun ba. Mama Ladi ta ciro tsumma ta goge, ta juye takardun a wata leda tata mai tsabta. Daga nan har Jos a cikin rigata na riƙe su, a kan ƙirji.

A iyakar jihar Filato akwai shinge. Aka ce kowa ya sauko ya ba da katinsa. Jami'in ya tattara ya shiga kiran suna yana mayarwa. Ya ce, "Adamu Sale." Shiru. Ya sake cewa, "Adamu Sale." Ina tsaye ina kallon duwatsu, ina mamakin yadda aka ɗora wani kan wani ba su faɗo ba. Sai da ya zo gabana ya ɗaga katin kusa da fuskata.

"Baba, ba kai ba ne wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To me ya sa ba ka amsa ba?"

"Ado ake ce mini."

Ya girgiza kai ya ba ni katina. Fasinjoji suka yi ta tsokanata har Jingir. Na taya su dariya. Na ga ashe abin da ya fito da ni daga gida yana nan a aljihuna ni ma.

Mun shiga Jos bayan la'asar. Isuhu ya zo tasha ya ɗauke ni. Shekararsa goma sha tara a can, amma da ya buɗe baki sai ka ce jiya ya baro Gezawa. Ya tambaye ni damina, ya tambaye ni farashin taki, ya tambaya ko har yanzu ana cin kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi kamar da. Ya sauke ni a wani ɗan ɗaki bayan rumfar shayinsa, inda yake ajiye buhun sukari da katan ɗin madara, ya ba ni bargo biyu. Na ce ɗaya ya isa. Ya ce, "Riƙe dai." Kafin asuba na lulluɓa da duka biyun na ƙara da tabarmar salla. Maganar ruwa da kuke tambaya gaskiya ce. Sai da Isuhu ya tsiyaya mini na tukunyar shayi a buta sannan na iya alwala.

Abincin da na fi ci a can shi ne gwate. Acca ce ake dafawa da ganye da gauta da yakuwa, ta yi ruwa-ruwa. Da aka fara kawo mini na zauna ina jiran tuwon, na ɗauka miya ce. Mai abincin ta ce shi ke nan, a sha da cokali. Yana da daɗi, sai dai ba ya zama a ciki. Dankalin turawa kuwa, wanda muke gani sai a gidan biki, a can tsibi-tsibi yake a bakin titi kamar yadda muke zuba rogo. Hausarsu kuma ba ta raba mace da namiji, kowa "ya zo" ne, kowa "ya tafi". Da farko nakan waiwaya in nemi namijin da ake nufi.

Washegari na hau mota zuwa garin da makarantar take. A bakin ƙofa mai gadi ya turo mini littafin baƙi, ya miƙo kuma abin dangwala yatsa, don ya ga irin shigata. Na ce ya ba ni biro. Na rubuta sunana da garinmu, na daɗe ina yi, shi kuma bai gaggauta ni ba. Malam Hadi, wannan kai na yi wa.

Aka kai ni ofishin mataimakiyar shugabar makaranta, Malama Saratu, ita ce mai kula da rajistar jarrabawa. Dattijuwa ce mai tabarau, fayil ya cika teburinta har ƙasa. Iyaye uku na samu a kan benci, kowa da tasa: ɗaya shekarar haihuwar 'yarsa ce ta bambanta, ɗaya hoton da ya kawo ba mai farin baya ba ne, ɗaya kuma takardar canjin makaranta ce ba hatimi. Da layi ya zo kaina ta ce, "Kai ne baban Uwani? Yarinyan ka yana da ƙoƙari sosai." Sauran maganarta da irin Hausarmu zan rubuta, don ita na iya.

Ta baje takardun a tebur. Ta shinshina ta firamaren ta dube ni, na ce manshanu ne, ta ce ba komai. Ta jera huɗu a gefe guda, ta ajiye katin shi kaɗai a ɗaya gefen.

"Waɗannan duk sun ce Uwani Adamu. Wannan ya ce wani abu daban. Wanne ne sunanta?"

"Duka biyun, Malama."

"Kwamfuta ba ta san duka biyu ba, Baba. Wanne ne na gaskiya?"

"Na katin shi ne na yanka."

"To me ya sa ba shi ka ba makaranta ba?"

Na yi mata bayani. Ta cire tabarau ta saurare ni har na gama. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta sha ganin yaran Kano da Katsina masu suna Abba da Ummi da Baffa, ba ta taɓa sanin daga nan abin yake ba. Ta ce, "Mu a wurinmu in aka sa wa yaro sunan kaka, kiran sa ake yi safe da yamma da ƙarfi, don kada sunan ya mutu. Ku kuma ɓoye shi kuke yi don girmamawa." Ta mayar da tabarau ta ce, "Kowa dai uwarsa yake so."

Na ce to a gyara na makaranta ya koma na yanka. Ta ce da a aji ɗaya na zo, da da biro za ta gyara. Amma tun daga aji huɗu ake tura makin yara wurin hukumar jarrabawa zango bayan zango, duk da sunan Uwani aka tura, kuma wannan ba ya buɗuwa a 'yan kwanakin da suka rage. Hanya ɗaya ce: a canza katin ya koma Uwani. Sai na je kotu na yi takardar rantsuwa, a buga a jarida, sannan mu je ofishin katin da yarinyar. In kuwa ban yarda ba, ba za ta zauna jarrabawa da 'yan ajinta ba. Gurbinta na musaya bana yake ƙarewa, za ta koma gida ba takarda, sai dai baɗi in nema mata jarrabawar 'yan waje da kaina.

Na ce, "In aka canza katin, shi wancan sunan yana ina?"

Ta ce, "Ba ya ko'ina. A takarda dai."

Ta aika aka kira Uwani. Ta shigo da rigar sanyi mai ruwan toka, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Inna kafin ta tambayi uwarta. Malama ta ba mu izini muka zauna a kan wani dutse bayan ofis. Na ba ta jakar. Ta buɗe robar ta ga saura rabi, na faɗa mata yadda aka yi, ta yi murmushi ta lakata da yatsa ta sa a baki. Ta riga ta san maganar, Malama ta yi mata bayani tun kafin in zo.

"Baba, in ba ka so, a bari. Sai in yi baɗi."

"Baɗi a ina? A ɗakin uwarki za ki yi karatun?"

"Zan iya."

"Ke da kike son makarantar ungozoma?"

Ta sunkuyar da kai tana murza murfin robar. Can ta ce, "Ranar da muka je yin katin, Inna sai da ta sa mutumin ya juyo mata da kwamfutar ta gani. Ba ta iya karantawa ba, amma ta daɗe tana kallo."

Na ce, "Na sani."

Ban ba Malama amsa a ranar ba. Na ce ta bar ni zuwa gobe. Ta ce kowace rana ɗaya tana da tsada yanzu, amma ta fahimta. Na koma Jos na zauna a bencin Isuhu har magariba ban sha shayin da ya zuba mini ba. Na kira Malam Hadi na tambaye shi ko rantsuwar da zan yi ƙarya ce. Ya ce, "Ba ƙarya ba ce, Uwani ake kiran ta, kowa shaida ne. Sunan yanka kuma ba takarda ce ta raɗa shi ba, ba ita za ta cire shi ba." Na yarda da maganarsa. Amma ba ta rage mini komai ba. Ni na san abin da na yi. Shekara goma sha biyu da suka wuce an tambaye ni tambaya ɗaya a inuwar bishiya, na ji kunya, yau kunyar ce ta zo karɓar sunan gaba ɗaya.

Da safe na koma na ce na yarda. Aka rubuta wa Uwani takardar fita, muka taho Jos tare.

A bakin kotu akwai 'yan rumfuna na masu buga takardu. Muka shiga ta wani dattijo mai furfura a gira. Bai ko ɗago ba, ya saba. Ya tambayi sunana, garinmu, sana'ata, yana bugawa da yatsa biyu.

"Sabon suna?"

"Uwani Adamu."

"Tsohon suna?"

Uwani ta buɗe baki za ta faɗa, na ɗaga mata hannu. Na ce ya ba ni biro da 'yar takarda. Katinta yana aljihuna, da na so da na miƙa masa kawai. Ban san abin da ya sa ban yi haka ba. Na dafa takardar a gwiwata na rubuta. Haruffan duk na san su, mun yi su a aji tun watan farko, amma ban taɓa jera su haka ba. Na miƙa masa. Ya duba ya ce, "Rubutunka ne? Ba laifi." Ya buga. Ya murƙushe 'yar takardar zai jefa a kwando, na ce ya ba ni abata.

Na ɗauka an gama ke nan, ashe da saura. A ciki akwai jami'in da ake rantsuwa a gabansa. Muka jira har azahar ta kusa. Da muka shiga ya tambaye ni addinina, ya tambaya ko ina da alwala, na ce ina da ita. Ya ce tunda takardar da Turanci take, zai fassara mini, ni kuma in riƙa maimaitawa, don kada in sa hannu a abin da ban sani ba. Ya fara, ina bin sa. Ni Adamu Sale. Manomi. Ni ne mahaifin wannan yarinya. Wadda a katinta aka rubuta.

Ya faɗi sunan, ya tsaya yana jira na.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana nan a rubuce."

"Na gani. Kai za ka faɗa, kai ne mai rantsuwa."

"Sunan mahaifiyata ne."

Ya dube ni. Bahaushe ne, ya san abin da nake nufi. Ya rage murya ya ce, "Na sani, Malam. Ni ma ba na faɗar na tawa. Amma akwai mutane a waje suna jira. Faɗi a hankali, ni kaɗai zan ji."

Na faɗa. Shekarata arba'in da takwas, ranar na fara jin sunan nan a bakina. Na kuma faɗe shi ne don in ce daga yau a daina sanin yarinyar da shi a kowace takarda. Uwani tana gefe tana kallon siminti. Jami'in ya buga hatimi, na sa hannu, muka fito. A bakin titi ta ce, "Baba, in sayo maka ruwa?" Na ce a'a. Muka wuce wurin masu karɓar sanarwar jarida.

Kwana biyu muka yi muna zuwa ofishin katin. Ranar farko mun samu lamba amma layi bai kai kanmu ba. Rana ta biyu aka ce na'ura ba ta samun sabis, muka zauna a inuwar katanga tare da wasu iyayen, kowa da ledar takardunsa a hannu. Wani mutumin Bauci ya ce shi harafi ɗaya ne ya kawo shi, an rubuta wa ɗansa suna da "u" a wani wuri, da "o" a wani. Wajen la'asar sabis ya dawo. Aka ɗauki yatsun Uwani, aka karɓi takardar kotu da shafin jarida. Ma'aikaciyar ta ce mu jira saƙo, yakan ɗauki mako biyu, yakan fi. Na ƙirga a raina, saura kwana goma sha bakwai a rufe rajista.

Na mayar da Uwani makaranta. A bakin ƙofa ta ce in ce wa Inna manshanun ya iso lafiya. Na ce to. Ta ce, "Sauran maganar fa, Baba?" Na ce sauran nawa ne, ta bar mini.

Dawowa ba abin da ya faru. A shingen iyaka an kira Adamu Sale na amsa tun kiran farko. Isuhu ya haɗo ni da ƙullin dankali in kai wa ƙanwata, ya ce in gaida masa duk wanda na gani daga Gezawa. Na iso gida na tarar maƙwabta sun taya iyalina shigar da dawa. Inna ta ce, "An gyara?" Na ce an gyara. Ta ce, "Ta yi ƙiba?" Na ce ta ɗan yi.

Kwana goma sha huɗu ina kwana da waya a ƙarƙashin matashi. Ran na goma sha biyar Malama Saratu ta kira da kanta ta ce katin ya canza, an yi wa Uwani rajista, saura kwana biyu a rufe. Na yi mata godiya. Na yi alwala na yi nafila. Uwar Uwani ta yi guɗa a tsakar gida, na ce ta yi a hankali.

Makon jiya aka ba su hutu. Uwani ta dawo da takardar rajistarta, mai hotonta a kusurwa. Da yamma muna zaune a ƙofar ɗakin Inna, ana ta miƙa takardar hannu zuwa hannu, sai Inna ta ce a ba ta. Ta shafa ta, ta kai kusa da ido, ta mayar nesa.

"Ado, an ce yanzu ka zama malami. Karanta mini sunan takwarata."

Na karɓi takardar. Rubutun manya ne, ba inda ya shige mini. Na tsaya ina kallon layin farko.

Inna ta yi dariya har da tari. Ta ce wa Uwani, "Kin gan shi? Furfura a gemu, ko a takarda ba zai iya faɗa ba. Haka ubansa yake." Ta miƙo hannu. "To bar shi. Nuna mini inda yake."

Na dubi Uwani. Ta kawar da kai tana gyara bakin mayafinta. Na kama yatsan Inna na ɗora a kan layin farko, inda aka rubuta UWANI. Ta bi shi a hankali daga farko zuwa ƙarshe, ta dawo ta sake bi.

Ta ce, "Ashe gajere ne a boko."

Na ce, "E, Inna."

'Yar takardar da na rubuta a bakin kotu tana nan cikin littafina na aji, a shafin ƙarshe. Malam Hadi, in ka zo gyara, kada ka buɗe wurin.